Tambayi Kawu: Sukudireba mai canza baki, wacce ya kamata a ajiye a gida?

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin makon nan kusan rabinsu a kan kayan gyara ne, ban sani ba ko zafin nan ne ya sa kowa ya sauko da tsohuwar fankarsa daga saman wadrob, to sai na tattara na sukudireba wuri guda, masu tambayar famfo da tankin ruwa ku yi haƙuri sai mako na gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, barka da ƙoƙari. Ni dai matsalata ƙarama ce amma wallahi ta ishe ni, maigidana a Fatakwal yake aiki sai ya yi wata biyu uku bai zo ba, kuma kullum sai wani abu ya kwance a gidan nan, yau hannun tukunya gobe ƙyauren kabad ɗin kicin jibi fulogin ayan, kuma ba zai yiwu abu kaɗan in aika a kira mai gyara ba, ga kuɗi ga jira ga shigowar namiji gida maigida ba ya nan. Da wuƙa nake ɗaurewa har na karya wa wuƙaƙe biyu tsini. Ƙanina ya turo min hoton wata sukudireba a WhatsApp wadda ake cire mata baki a sa wani, akwai mai 6 akwai mai 31 akwai ma mai 115 a akwati ɗaya, kuma kuɗin ba wani nisa tsakaninsu. Ni raina ya fi kwanciya da mai 115 tunda ta fi yawa. Wacce zan ɗauka? Daga wata uwargida a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Da farko dai ki ƙyale wuƙaƙen nan su huta, don ranar da ɗaya za ta zame ba tsininta kaɗai za ki yi asara ba, har da yatsa. Sannan mai 115 ɗin nan da ranki ya biya ki cire ta daga lissafi, ba wai don jabu ba ce, a'a, ba ta aikinki ba ce kawai. Irin waɗannan akwatunan masu 31 ko 115 galibi na masu gyaran waya da agogo da laftof ne, irin samarin da ke zaune a Farm Centre a Kano, gindin bakunan milimita 4 ne kacal, mariƙin kuma siriri kamar biro, da yatsu biyu aka yi shi a juya. Ki ɗora ta a kan sukurun hannun tukunyar da ya sha mai ya sha wuta shekara uku, kina matsawa ko bakin ya murɗe ko mariƙin ya dinga sulɓewa a tafin hannunki, sukuru kuwa yana nan zaune yana kallonki. Kuma cikin 115 ɗin ma ba duka bakuna ba ne fa, ana ƙirga har da 'yan robobin ɓamɓare murfin waya da tsinken cire sim don dai lambar da ke jikin kwali ta cika ido.

Abin da nake so ki yi kafin ki aiki ƙanin naki kasuwa, ki zagaya gidan nan ɗaki ɗaki ki duba kan sukurun da ke damunki, wasu noti suke ce masa, duk ɗaya ne a nan. Za ki ga kusan dukkansu iri biyu ne, akwai mai tsaga ɗaya a miƙe wanda masu gyara ke ce wa filat, akwai mai tsaga biyu a gicciye wanda suke ce wa sita. Shi sita ɗin yana da lamba, kuma lambar tana rubuce a jikin baki in kin duba da kyau. PH2 shi ne sarki, shi ne na hannun tukunya, na hinjin kabad, na bayan fanka, na makullin ƙofa, in aka ce a bar miki baki ɗaya tak a duniya to shi za ki riƙe. PH1 ƙaninsa ne, na ƙananan sukurun jikin rediyo da tocila da murfin batirin kayan wasan yara da wasu ekstanshan. Sai filat biyu, babba wajen milimita 6 na tsofaffin sukurun ƙofa da taga, da ƙarami na milimita 3 zuwa 4 na cikin fulogi. Kin ga huɗu ke nan, kuma da su za ki gama mafi yawan abin da kika lissafa min.

To yanzu mai 6 ɗin. Ita sandarta ake zarewa daga mariƙi a juya, kowane gefen sandar akwai baki mai kai biyu, ka ga huɗu, sauran biyun da suka cike shida ramukan sandar ne da kansu in an cire baki, suna kama noti mai kwata inci da mai 5/16, sayiz ne na Amurka amma babban yakan kama notinmu mai lamba 8. Tana da ƙarfi, ba ta da tarkace, ba ta da abin zubewa, gaskiya ba ta da laifi. Inda take ba da haushi biyu ne, ƙaramin filat ɗinta sau da yawa ya yi wa sukurun cikin fulogi girma, sannan in baki ɗaya ya ɓata ko ya cinye da wuya ki samu irinsa shi kaɗai a shago, sai dai a sake sabuwa gaba ɗaya.

Wadda ni zan saya miki da ni aka aika ita ce mai rami ɗaya a gaba mai kusurwa shida, wadda ake zura mata gajerun bakuna, sauran kuma suna kwance a cikin mariƙi ko a wani ɗan zobe a wuyanta, yawanci guda 6 zuwa 12. Dalilina ɗaya ne, gindin bakunan nan kwata inci ne, wato milimita 6.35, tsawonsu milimita 25, kuma haka yake a ko'ina a duniya ko wane kamfani ya yi, irinsu ne kafintoci da masu alminiyam ke sa wa injin dirilinsu, don haka ranar da PH2 ɗinki ya gaji, kuma shi zai fara gajiya, ko a kasuwar Sabon Gari ta nan Zariya za a samo miki shi ɗai-ɗai da kuɗi kaɗan, mariƙin yana nan abinki har yaranki su gada.

Amma bari in faɗa miki lagonta tun yanzu kada ki zo kina zagin Kawu. Wuyanta kauri gare shi. Ni kaina ta taɓa kunyata ni, na sayo wata sabuwa dal mai kyan gani, na zo gida ina ta cika baki gaban iyali zan buɗe bayan fankar tsaye in goge ƙura in ɗiga mai, ashe sukurun yana can ƙasan wani rami mai zurfi cikin robar, na zura ta tsaya cak a bakin ramin, saura kamar faɗin yatsa biyu ta kai, na juya ta nan na juya ta can, ƙarshe dai yaron maƙwabta aka aika ya aro wata tsohuwa mai kan roba ja duk ta sha jiki, ita ta yi aikin cikin minti ɗaya, uwargida kuwa ba ta ce komai ba, dariyar da ta danne ita ta fi ciwo. Gindin bilenda, bayan rediyo, ekstanshan, ayan, duk haka suke ɓoye sukurunsu a rami. Maganin abin shi ne a haɗo miki da dogon baki PH2 guda ɗaya mai milimita 75 ko 100, ko kuma sukudireba sita ta gargajiya doguwa siririya, ki ajiye su tare. In an ƙara da ƙaramar filat ɗaya ta fulogi shi ke nan kin gama sayayya.

In ƙanin naki zai tafi ki kwance sukuru ɗaya daga gida, ko na kabad ɗin, ki ba shi ya tafi da shi a aljihu. A shago ya ɗora shi a kan bakin, in mai kyau ne zai zauna daram ba ya rawa, har ya ɗan karkata ta sukurun bai faɗo ba. Ya girgiza bakin a cikin raminsa ya ji ko yana lilo da yawa, ya duba ko akwai maganaɗisu, don ranar da kike kan kujera kina ɗaura sandar labule da hannu ɗaya za ki san amfaninsa. Ya damƙi mariƙin ya murɗa da ƙarfi, in murfin bayan da ke rufe bakunan yana kwancewa a tafin hannu ya ajiye ta, irin wannan tana cikin aiki za ta amayar da bakunan a tsakar gida ki bi su da tsintsiya, ga yara masu rarrafe da komai sai baki. Kuma ya zaɓi mariƙi mai ɗan kauri mai roba, ba mai santsi kamar kwalba ba, hannun mai aikin kicin ba ya rabuwa da danshi.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Na ga wata da in kana juyawa take ƙara ƙas ƙas ƙas ba sai ka ɗaga hannu ba, mai shagon ya ce ita ce ta zamani amma ta fi tsada, ya cancanta? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Lafiya lau ɗana. Racet ke nan, tana da ɗan makunni mai wuri uku, ɗaurewa, kwancewa, da tsakiya inda take kullewa ta koma kamar kowace sukudireba. In za ka haɗa tebur ko gado mai sukuru 30 za ka sa mata albarka. In kuwa sukuru biyu ne a wata, nauyi kawai ka saya da ƙarin kauri. Kuma mai arhar cikinsu haƙoran cikinta ne ke fara cinyewa, ka matsa a kan sukuru mai taurin kai ka ji ta zarce fyuu, daga nan ta gama. Ɗalibin da ke ɗakin haya ya bar kuɗin ya ci abinci.

TAMBAYA: Salam Kawu. Wata biyar da bikina, wadrob ɗin da aka yi wa amarya jere da shi ƙyaurensa ɗaya ya sauko, na zo ɗaurewa da sita sai zamewa take har kan sukurun ya fara lalacewa ya zama kamar rami, wani kuma yana ta juyawa ba ya kamawa. Laifin sukudirebar ne ko na katakon? Daga wani ango a Katsina.

AMSA: Ango ka sha ƙamshi, Allah ya ba da zaman lafiya. Matsala biyu ce ka haɗa. Ta farko, haska tocilar wayarka a kan sukurun, in ka ga wasu 'yan layuka huɗu sirara a tsakankanin gicciyen kamar an zana tauraro, to wannan ba Phillips ba ne, wato sitan da aka saba mai lambar PH, Pozidriv ne, lambarsa PZ. Su biyun kamar Hassan da Hussaini suke a ido amma ba ɗaya ba ne, Phillips ɗan Amurka ne tun shekarun 1930, Pozidriv kuma daga baya ya fito a shekarun 1960, kuma shi ya fi yawa a kayan katako na Turai da hinjin kabad irin na zamani. Bakin PH gefensa a ɗan zube yake, in ka sa shi a sukurun PZ ba ya zama har ƙasa, kana murɗawa yana hawowa yana gwaguyar kan. Nemi PZ2 ka gwada, za ka ji ya shige ya kama kamar an auna. Shi ya sa nake cewa duk mai kayan ɗaki irin na yanzu ya tabbata akwai PZ2 a cikin bakunansa, da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida, mai lamba 4 da 5 saboda notocin gado.

Sannan ka gyara hannu. Yawancin mutane murɗawa suke da ƙarfi su manta da dannawa, alhali dannawar ce ta fi yawa a aikin, ka tsayar da ita saitin sukurun sak ba a karkace ba, ka danna da nauyin kafaɗarka sannan ka juya a hankali, da ka ji ta zame sau ɗaya ka tsaya, kada ka ce bari in ƙara gwadawa, kowace zamewa yankar naman kan take. Wanda ya riga ya fara lalacewa ka shimfiɗa masa robar ɗaure kuɗi mai faɗi a kai ka danna baki ta samanta, sau da yawa yana fitowa, in ya fito kuma kada ka mayar da shi, jefar ka sa sabo.

Ta biyun, mai juyawa ba ya kamawa, wannan katakon ne. Irin allon nan na garin katako da aka matse da gam, in ramin ya buɗe shi ke nan zaren sukuru ba shi da abin riƙewa. Ka cire sukurun, ka samu tsinken sakace ko ashana uku huɗu ka karye kawunan, ka tsoma su a farin gam na kafinta ka cusa a ramin ka karye abin da ya yi saura, ka bar shi ya kwana, washegari ka mayar da sukurun, kuma da ka ji ya tsaya ka tsaya, kada ka ƙara masa ko rabin juyi. A gaya wa amarya kuma a rage rataye jakunkuna a jikin ƙyauren.

TAMBAYA: Kawu zan iya canza soket da irin wannan mai canza bakin? Ko testa ta isa? Daga wani magidanci a Gombe.

AMSA: Malam a nan ba na wasa. Mai canza baki ta gama-gari sandarta ƙarfe ne tsirara tun daga baki har mariƙi, ba a yi ta don wuta ba. Wadda aka yi don wuta za ka ga roba ta lulluɓe sandar har kusa da tsini, galibi ja da rawaya, an rubuta 1000V da alamar zane mai kusurwa uku guda biyu a haɗe, wato tana bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60900, kuma a masana'anta da bolt 10,000 ake gwada ta. Wutar gidajenmu 230 ce, ta isa ta kashe ƙato. Ko da wace iri ce a hannunka ka fara kashe wutar daga babban makunni, kuma kada ka ce ai Nepa sun ɗauke, ba sa sallama in za su dawo, ga inbata ga sola ga yaro da zai je ya tayar da janareta bai san hannunka na cikin bango ba. Ka kashe, ka gaya wa mutanen gida, sannan ka gwada. Ita testa aikinta nuna wuta ne, shi ma ka fara gwada ta a soket ɗin da ka san akwai wuta don ka tabbata ƙwan fitilarta na kamawa, amma ba abin ɗaure sukuru ba ce, robarta ba ta jure murɗa, in ta tsage kuma ta zama haɗari. In fulogi ne da ka zare daga bango to wannan ba komai, yi da kowace, ka dai kula da wayoyin, ruwan ƙasa ko ja shi ne mai wuta yana zuwa gefen fis, shuɗi ko baƙi ɗaya gefen, kore mai ratsin rawaya na dogon ƙarfen sama. In ka buɗe soket ka ga wayoyi sun ƙone ko sun narke, mayar ka rufe ka kira mai wayarin.

TAMBAYA: Barka Kawu, ni tela ne, turnabis ɗin nan, wato sukudireba, mai baki da yawa zai yi min a keken ɗinki? Daga Damagaram.

AMSA: Barka kadai maigida, a gaida mutanen Damagaram. Rabi da rabi. Sukurun farantin da allura ke shiga yana ƙarƙashin hannun keke, doguwa ba ta tsayuwa a wurin, in ka karkata ta kuma ka ɓata tsagar, sai 'yar dunƙulalliya gajeriya da ba ta wuce tsawon babban yatsa ba, akwai ta ita ma mai canza baki. Amma ka gwada filat ɗin tukuna, don tsagar sukurun keke siririya ce, bakunan nan kuma sau da yawa kauri gare su. Na jikin ƙoshiya da ake saita zaren ƙasa da shi kuwa kada ka kusance shi da komai sai 'yar ƙaramar da ke zuwa tare da keken.

TAMBAYA: Kawu ni fa waya da laftof nake son in dinga buɗewa da kaina. Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

AMSA: To 'yata ke ce mai akwatin nan da na hana Hajiyar Zariya. Ki duba akwai PH00 da PH000, da Torx ƙanana irin T5, shi ne mai tauraro mai tsini shida, in kuma iPhone ce sukuru biyun da ke gefen wurin caji masu tsini biyar ne, tun daga iPhone 4 Apple suka koma musu, babu abin da ke buɗe su sai bakinsu. Ki jera sukurun a kan farar takarda yadda kika cire su don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda allon cikin. Batiri kuma kada ki taɓa zungurarsa da ƙarfe, in ya huje wuta yake kamawa.

TAMBAYA: Kawu an rubuta CR-V a jikin wata, wata kuma S2, wacce ce orijinal? Sannan tawa duk ta yi tsatsa da damina. Daga wani mai shago a Jos.

AMSA: Duka sunan irin ƙarfen ne ba sunan kamfani ba, S2 ya fi tauri shi ya sa aka fi yin bakuna da shi, CR-V ma ba laifi don aikin gida. Sai dai rubutu ba ya wahalar da mai jabu, ko a jikin gwangwani zai buga maka S2. Duba tsinin, na kirki gefunansa a yanke suke tsaf, jabu kuwa sai ka ga ya yi ƙyalli kamar azurfa amma gefen a dulmuye, aiki ɗaya fentin ya ɓare. Tsatsa kuma ɗigo biyu na man keke a tsumma ka goge su, ka daina ajiye ta a tagar banɗaki ko ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

TAMBAYA: Kawu maƙwabcina kullum sai ya aiko aron tawa, kuma duk dawowa sai baki ɗaya ya yi ɓatan dabo, daga 12 yanzu saura 7, kuma ina jin nauyinsa dattijo ne. Daga wani bawan Allah a Kaduna.

AMSA: Ai kai ma da naka, wa ya ce ka ba da ita da 'ya'yanta duka. In yaron ya zo ka tambaye shi me Baba zai ɗaura, ka zazzage sauran a gwangwanin madara ka ba shi mariƙi da baki ɗaya a jiki. In ka shiga Panteka ka sayo PH2 guda biyar ka zuba a gwangwanin, don na rantse cikin biyar ɗin da suka ɓata har da shi.